Zalɓe da Jirgin Sarkin Ruwa da Ya Ƙi Tashi

An ce a wani gari na bakin kogi da ake kira Gungun Tsamiya an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Mainasara. Mutum ne mai kirki da sakin hannu, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. In ya ce a yi abu, so yake kafin ya rufe baki a ce masa an gama.

Wata safiya kogi ya tumbatsa. Mutum talatin da 'yan kai suna can tsibiri wajen yankan shinkafa, cikinsu har da Kulu, yayar Sarkin Ruwa, ga ruwa yana cin tsibirin taki-taki. Kwale-kwale ba ya iya keta ƙarfin ruwan, jirgi mai inji kuwa ɗaya ne tak a garin, na Sarkin Ruwa. Matuƙinsa Dantani ya murɗa makulli, inji ya ce ƙas, ya yi shiru. Ya sake murɗawa, ƙas.

Hankalin Sarkin Ruwa ya tashi, tsoro ya koma masa fushi. Ya daka wa Dantani tsawa ya ce, "Kai ka kashe mini inji! A ɗauko akwatin sufana na kwance ƙusoshi, a farke injin ciki da bai, a ga abin da ya karye!"

Akwai wani tsohon Zalɓe da ya shekara goma sha yana tsayuwa a kan turken ɗaure jirage, babu injin da ya taɓa lalacewa a tashar nan bai gani ba. Ya sauke ƙafarsa ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, sauri kan haifi nawa. Ina jiye maka abin da ya sami Kakale mai jirgin kifi."

Sarkin Ruwa ya ce, "Yanzu lokacin hira ne, Zalɓe?"

Zalɓe ya ce, "Akwatin sufana yana can ƙarshen kasuwa. Kafin a kawo shi na gama."

"To, me ya sami Kakalen?"

Zalɓe ya ce:

Kakale masunci ne a wani gari gabas da nan. Ranar da kifi ya fara hawowa, injinsa ya ƙi juyawa. Bai tambayi kowa ba, ya shimfiɗa tabarma, ya kwance inji kaf, ya jera kayan ciki kamar mai tallan koli. Awaki suka bi ta kai, ƙusoshi suka shige yashi. Da abin ya fi ƙarfinsa ya kira tsohon bakanike, Malam Jatau. Malam Jatau bai ko kalli tabarmar ba. Ya shiga jirgi, ya tarar matar Kakale ta rataye kwandon kifi a hannun giya, nauyinsa ya ja giyar ta shiga. Inji irin wannan kuwa ba ya juyawa sai giya tana firi, wato ba a sa ta ba.

Malam Jatau ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kakale, kai ɗan'uwan mutanen Rugar Faru ne."

Kakale ya ce, "Me suka yi, Malam?"

Malam Jatau ya ce, "Rijiya gare su mai ruwan daɗi. Wata rana suka zura guga ya fito a bushe. Suka ce rijiya ta ƙafe. Suka kwana bakwai suna haƙa sabuwa, hannuwa duk kanta. Da suka cim ma ruwa suka zura guga, ya sake fitowa a bushe. Suna cikin salati sai ga wani makiyayi ya zo da tasa igiyar, ya zura a tsohuwar rijiya, ya shayar da shanunsa sarai. Ashe matar mai unguwa ce ta yanki kamu uku daga igiyar gari ta ɗaure akuya. Kafin ka yi wa rijiya ƙazafi, Kakale, auna igiyarka."

Zalɓe ya ci gaba, "Mako biyu aka yi ana tankaɗe yashi ana haɗa injin Kakale. Kafin ya tashi kifi ya wuce. Shi kifi ya rasa, ranka ya daɗe. Kai kuwa mutane ne ke jiranka, in aka farke injin nan ba a mayar da shi yau."

Fushin Sarkin Ruwa ya kwanta. Ya dubi tsibiri, ya hango mutane sun taru a kan ɗan tudun da ya rage suna kaɗa zane. Ya ce, "Faɗi inda za mu fara."

"Daga abin da hannu ke kaiwa ba da sufana ba. Dantani, giya tana firi?"

Dantani ya girgiza hannun giya ya ce, "Tana firi, Baba Zalɓe."

"Murɗa mu ji."

Ƙas.

Zalɓe ya karkata kai ya ce, "Injin da ya karye ba haka yake kuka ba. Wannan wuta ce ba ta isa gare shi. Ko batir ya mutu, ko kuwa rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Buɗe akwatin batir."

Dantani ya ɗaga murfi, sai ya riƙe baki. Kawunan batir biyu suna ta sheƙi, ɗaya kore shar, ɗaya fari fat. Al'adar garin ce duk shekara a yi wa jirgin Sarkin Ruwa ado kafin bikin kamun kifi, kuma shekaranjiya Sarkin Ruwa da bakinsa ya ce wa mai fenti kada ya bar ko kan ƙusa ba fenti. Mai fenti, bawan Allah mai biyayya, ya kwance wayoyi, ya shafe kawunan batir da kyau, ya bari suka bushe, ya mayar ya ɗaure.

Sarkin Ruwa bai jira kowa ba. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya zaro wuƙa daga kugu, ya durƙusa yana kankare fenti har dalma ta fito fes. Dantani ya mayar da wayoyi ya matse, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Inji ya yi tari ɗaya, ya kama ruri. Tasha ta ɗauki kabbara, mata suka saki guɗa. Daidai nan mai ɗauko akwatin sufana ya iso yana haki, ba wanda ya ko dube shi.

Sawu uku suka yi. Na farko mata da tsofaffi, na biyu sauran maza, na uku damman shinkafar da aka iya tsamowa. Kulu ta ƙi shiga sai a sawun ƙarshe, don ta rantse ba ta barin shinkafarta. Lokacin da aka ja ta cikin jirgi ruwa ya kai mata gwiwa. Ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Da suka sauka, Kulu ta matse bakin zanenta, ta dubi ƙanenta a gaban jama'a ta ce, "Mainasara, tun hantsi muke kaɗa zane. Wane ne ya riƙe jirgin?"

Dantani ya sunkuyar da kai, don ya san inda laifi ya saba sauka. Sarkin Ruwa ya ce, "Ni ne, Yaya. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na Dantani. Ni na sa aka yi wa jirgi kwalliya har aka toshe masa wuta, kuma da an bi tawa, da yanzu inji yana kan tabarma, ke kina cikin ruwa." Ya juya ya ce, "Dantani, ka yafe mini. Zalɓe, na ji maganarka, na kuwa karɓa. Daga yau ba a kwance ƙusa ɗaya a tashar nan sai an duba abin da ido ke gani."

Kulu ta ce, "To, madalla. Tun da hannun rigarka a naɗe yake, zo ka ɗaukar mini damin nan." Sarkin Ruwa ya sunkuya ya saɓa dami a kafaɗa, ya bi bayan yayarsa, jama'a na biye da su suna guɗa har cikin gari.