Munduwar Iya Kuluwa da Ɓerayen Masar

Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida da hantsi, sai ɓerayen Masar ɗina guda biyu suka fara fito a bayan madafa. Matan gidan suka sa ni a gaba da tsokana, wai na rasa abin kiwo sai ɓera. Ni dai na sunkuyar da kai. Gwaggo Hansai, ƙanwar surukina, ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Ku rabu da yarinya. Ga wani labari gare ku, kuma a danginmu aka yi shi. Ku kasa kunne, don ku za ku yanke hukunci." Na rubuta yadda na ji.

Wai a wani ƙauye gabas da Saminaka an yi wata tsohuwa, Iya Kuluwa, mai ɓerayen Masar bakwai. Asalinsu guda biyu ne da ta zo da su a kwando daga gidan uwarta ranar da aka kawo ta amarya, kuma tun daga nan irin bai taɓa yankewa a hannunta ba. Da yanar ido ta rufe mata gani, aka ce sai an kai ta Kano an yi mata aiki, ta zauna wajen 'yarta kwana arba'in. Iya ta ce ba inda za ta. Lokacin bazara ne, 'ya'yanta maza uku duk sun tafi cin rani, abin da ke rumbu na bakin mutane ne kawai, babu na sayen abincin dabba.

Matan 'ya'yan nata, Lantana da Sahura da Tasalla, suka durƙusa suka yi ta ba ta baki. Daga ƙarshe Iya ta ɗaga hannu ta nuna munduwarta ta azurfa, wadda ita ma surukarta ce ta ba ta. Ta ce, "Zan tafi. Wadda ta riƙe mini irin nan har na dawo, ita ce magajiyata a gidan nan, kuma wannan tata ce. In kuwa na tarar sun ƙare, ku san kun yanke mini abu na ƙarshe da ya rage daga gidan uwata."

Da ta tafi, faccalolin nan suka ɗauki ɓeran Masar kamar akuya. Dusa da safe, dusa da yamma, wani lokaci guntun tuwo. Kafin mako uku biyu sun mutu. Sauran suka kama ɗingishi, gashinsu ya tashi, suka daina fito. A cikinsu akwai mace mai farin goshi, ga ta da ciki.

Lantana, matar babban wa, ita ce ta ajiye suyar ƙosanta, wanda da shi take rufa wa kanta asiri. Ta kifa turmi kusa da akurkinsu ta zauna, kwana uku ba ta yi komai ba sai kallo. A rana ta uku ta ga wani baƙi mai yagaggen kunne ya sulale ta wata 'yar kafa, ya nufi gindin randar Iya. A wurin, ɗigon ruwa ya fito da 'yar ciyawa da ba ta kai tafin hannu ba. Shi kaɗai ne a cikinsu ba ya ɗingishi. Lantana ta tsinko ciyawar ta miƙa wa mai farin goshi, ita kuwa ta fizge har da ɗan kuka. Lantana ta ƙwala wa 'yan'uwanta kira, "Ku zo ku gani! Ba yunwa ke kashe su ba, ɗanyen ganye suka rasa." Sai dai ciyawar gindin randa ba ta isa ko guda ɗaya ba, kuma duk ƙauyen ya bushe ƙurmus.

Sahura, matar na tsakiya, 'yar gidan masu hali ce, ko bakin rijiya ba ta zuwa sai ta ɗaura zanen fita. Ita ce ta ɗora gammo da kwando ta kama hanyar lambun bakin rafi, tafiyar da in ka fita da sassafe sai rana ta take za ka dawo. A can masu lambu ke ɓare bayan kabeji su yar, su yanke ganyen karas su watsa wa awaki. Sahura ta shiga tsakiyar awakin nan tana tsince. Wata ƙawarta ta gan ta a hanya ta ce, "Sahura, yau miyar bola za a yi wa gidan Iya?" Ta ce, "Ita ce. Ki zo da kwanonki, kar ki makara." Labari ya kai gidan ubanta, aka aiko a ce ta daina zubar musu da mutunci. Ba ta daina ba. Kullum sai ta je, har tafin ƙafarta ya tsage. In ta dawo ta wanke ganyen, ta zaɓe ruɓaɓɓen, ta zuba musu. Cikin kwana goma ɗingishi ya tafi, kuma da sun ji ƙarar kwandonta a zaure sai gidan ya kaure da fito.

Daga nan zafi ya kai inda ya kai. Akurkin Iya rufin kwano ne, da azahar ko hannu ba ka iya ɗorawa. Wata rana Tasalla, amaryar autan gidan, ta leƙa ta tarar da mai farin goshi a kwance ta miƙe ƙafafu, numfashi sama-sama, ga ganye a gabanta ba ta ko kalle shi ba. Tasalla na da randa guda ɗaya, ta kayan ɗakinta, wadda uwarta ta gina mata da hannunta. Ta juye ruwan ciki, ta haƙa rami a inuwar darbejiya, ta kwantar da randar ta binne rabinta, ta sa mai farin goshi a ciki, ta rufe bakin da tsohuwar rariya saboda kyanwa. Rijiya ta ja baya a lokacin, kowace mace tulu ɗaya take samu a yini. Tasalla ta riƙa raba nata biyu, rabi ta jiƙa buhu ta lulluɓe randar, da safe da kuma azahar. Sahura ta riƙa yi mata tsiya, "Amarya, in ango ya dawo zan gaya masa ɓera ya ƙwace miki ruwan wanka." Tasalla ta ce, "Ki gaya masa, Yaya. Ni kuma in gaya wa naki da awaki kike kokawa." A cikin randar nan mai farin goshi ta farfaɗo, a ciki kuma ta haifi huɗu.

Ranar da Iya Kuluwa ta dawo da idonta garau, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kai ta wajen ɓerayenta. Ta durƙusa ta ƙirga tara. Ba su ɓoye mata biyun da suka mutu ba, kuma kowace ta faɗi abin da ta yi, ba ƙari ba ragi. Iya ta zare munduwar ta riƙe. Ta dubi Lantana, wadda ba don idonta ba da dusa za a yi ta zubawa har su ƙare. Ta dubi Sahura, wadda ba don ƙafarta ba da an san maganin amma babu shi. Ta dubi Tasalla, wadda ba don randarta ba da uwar da 'ya'yan cikinta sun tafi da ganye a gabansu. Maƙwabta da suka zo sannu da zuwa suka ce a kai wa maƙeri ya raba uku. Iya ta ce, "Guda aka ba ni, guda zan bayar."

A nan Gwaggo Hansai ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Ta ce, "To, masu dariyar ɓera, ga munduwa a hannun Iya. Tsakanin Lantana da Sahura da Tasalla, hannun wa za ku sa wa?"