Bangon da Don Evaristo Ya Toshe Kwalbati da Shi

Jama'ar wannan shafi, ku yi haƙuri, yau ba girki na kawo muku ba. Addar ɗana Nemesio tana ƙarƙashin buhun gwaza a ɗakin girkina. Ni na ɓoye ta, shi kuma yana ta birkita gida yana tambayar ƙannensa. Ya rantse sai ya zubar da jinin wani mutum. Ku karanta ku ji yadda aka yi, don ni kaina ya kulle.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, nan gefen birnin Malabo a tsibirinmu, ta wajen gangaren teku, ana ce masa Pa Melanio. Sana'arsa hawan bishiyar manja yana tatsar bammi. Shi da matarsa Ma Sabina suna zaune a wani gidan katako a bakin titi, ta ɓangaren tudu. Shi ya riƙe Nemesio ranar baftisma, shi ya sa yaron ke kiransa Padrino, wato uban baftisma. Da mijina ya rasu, a wurinsa Nemesio ya samu uba. Har tasin da yake ja yanzu, Pa Melanio ne ya tsaya masa wurin mai motar.

Bara wani kamfani ya zo ya yi mana titi da kwata. Har rawa muka yi. Ashe aikin ganin ido ne. Murafen simintin da suka rufe kwatar da su ba rodin kirki a ciki, mota ta taka sai su ɓare kamar biskit. Ruwan da ke gangarowa daga dutse kuwa, duk kwalbati ɗaya suka yi masa a ƙarƙashin titi, daidai ƙofar Pa Melanio. Bakin da ruwan ke fita ta ɗaya ɓangaren ba su kai shi rafi ba. Suka bar shi yana zuba a wani fili, suka kwashe injinansu suka tafi.

Filin nan wani mai kuɗi ya saye shi, Don Evaristo. Ƙato ne, mai sarƙar zinare a wuya, ba ya gaida kowa sai an gaishe shi. Ya gina mashaya, da fitilu masu launi da firiza jere. Ruwan farko da ya shigar masa cikin shago, washegari ya kawo bulo da siminti ya gina bango a bakin kwalbatin, ya toshe shi ruf.

To, ruwa ina zai bi? Sai ya koma baya. Ya cika kwata, ya hau titi, ya shiga gidan Pa Melanio har gwiwa. Kun san damunar tsibirin nan, sama ba ta gajiya. Titi ya zama kududdufi mai ruwan ƙasa, ba ka gane inda kwalta take, ba ka gane inda ramin kwata yake. Tasi nawa suka karya ƙafa a wurin. 'Yan makaranta sai su kama hannun juna su bi tsakiyar titi, motoci na yi musu hon.

Pa Melanio ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki gorar bammin safe, don a nan ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Ya tsallaka.

"Don Evaristo, barka da hutawa. Maƙwabcinka ne. Na zo ne a kan ruwan nan."

"Wane ruwa? Ni ne nake yin ruwan sama?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ko ƙaramar hanya ce ka bar masa ta gefen katangarka ya wuce rafi. Ni zan haƙa da hannuna, ba sai ka biya kowa ba."

Don Evaristo ya dubi abokan shansa ya fashe da dariya.

"Kun ji tsoho! Kai, gidan naka ai da ma katako ne. Nemo filafili ka mai da shi kwalekwale, ka bar hawan bishiya ka koma kamun kifi."

Ya karɓi gorar ya tuntsurar da ita cikin kwata.

"Ga ƙari nan, tunda ruwa ka zo nema."

Pa Melanio ya tsinci gorarsa, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya koma gida. Ya sake komawa wurin Don Evaristo, ya tafi da shugaban unguwa, duk a banza. Don Evaristo ya ce yana da mutane a sama, wanda ya isa ya taɓa masa bulo ɗaya.

Wata safiya Ma Sabina ta fito da kwandon agade a ka za ta kasuwa. Ruwa ya rufe komai. Ta taka inda ta saba takawa, ashe murfin ya karye ya faɗa ciki. Ta zurma har ƙugu, wani guntun ƙarfe ya huda mata cinya ya fito ta baya. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Mu mata muka ciro ta, zanina ya jiƙe sharkaf da jini.

Da aka ɗinke ta aka dawo da ita, sai Pa Melanio ya tashi. Ya ɗauki diga ya tsallaka titi da rana tsaka, kowa na kallo, ya sauka bakin bangon ya fara sara.

Bai fi sara uku ba Don Evaristo ya fito da adda, ma'aikatansa na biye. Suka kayar da tsohon cikin taɓo. Suka sa masa ƙafa a ciki, a haƙarƙari, a baki. Muna ihu muna roƙo daga tsallake, ba wanda ya iya matsowa saboda addar.

Pa Melanio ya miƙa hannu zai jawo digarsa. Don Evaristo ya take ƙotar da takalmi.

"Da wannan hannun ka taɓa mini bango?"

Ya sauke addar. Yatsu biyu suka faɗi cikin taɓo.

Nemesio ne ya kai shi asibiti. Da ya dawo idonsa jawur, kujerar bayan tasin kamar an yanka akuya. Kafin yamma samarin unguwa sun taru da jarkar fetur za su ƙone mashayar. Sai ga Pa Melanio an sauke shi, hannu a naɗe, leɓe a kumbure. Ya tsaya gabansu yana tangaɗi.

"Duk wanda ya ƙyasta ashana, kada ya zo jana'izata."

"Padrino, yatsunka fa! Da me za ka hau bishiya?"

"Yatsuna ne ko naka? Akwai 'yan mata masu aiki suna kwana a bayan shagon nan. Su suka sare ni? Ajiye jarkar nan, Nemesio, kada in maimaita."

Suka watse suna ƙunƙuni. Don Evaristo kuwa ranar har kiɗa ya ƙara wa murya.

Abin da ba mu sani ba, ruwan da aka hana wucewa yana ta cin ƙasar da ke ƙarƙashin titi. Sama kwalta lafiya lau, ƙasa kogo.

Ran wata Asabar aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen azahar ya ɗan tsagaita, mutane suka fito bakin ƙofofi. Sai ga akori-kurar Don Evaristo ta taho daga gari, maƙare da akwatunan giya, shi da kansa ke tuƙi. Bai rage gudu ba, da ma yana jin daɗin watsa wa mutane ruwa.

Yana hawa kan kwalbatin muka ji wata ƙara kamar aradu. Titi ya buɗe baki. Gaban motar ya nutse, bayanta ya ɗaga sama, akwatunan suka zubo kan rufin, kwalabe na fashewa. Muka ruga.

Yana ciki da rai. Gilashi ya yanka masa fuska, ƙarfen gaban motar ya danne masa ƙafa. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ga kwata na ta ɗuro wani cikin ramin, ba kuma hanyar fita, saboda bangonsa na nan daram.

"Ku taimake ni! Ƙafata! Jama'a, ku ciro ni!"

Wata mata ta ce, "Kira mutanenka na sama!"

Wani ya ce, "Don, ga kwalekwale ka samu, saura filafili!"

Ban ga wanda ya fara jifa ba. Dutse ya sauka a kan motar, wani ya same shi a kafaɗa, wani a kunne. Aka shiga tsintar fasassun kwalabe ana wurga masa. Ma'aikatansa tuni suka tsere ta bayan shago. Na hango Nemesio da wani baƙin dutse ya ɗaga shi da hannu biyu. Na rirriƙe masa riga ina kuka, ya fizge. Ruwa ya kai wa mutumin wuya, yana ɗaga haɓa yana kurɓa yana tofarwa.

Sai muka ga Pa Melanio ya ratsa taron. Ya zame cikin ramin da naɗaɗɗen hannunsa, ya zura jiki ta tagar motar, ya tallafo kan Don Evaristo ya ɗora a kafaɗarsa. Wani dutse da aka riga aka sako ya fasa masa ƙeya. Jini ya gangaro kan rigarsa.

Jifa ta tsaya cak.

"Nemesio!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. "Ajiye dutsen nan ka ɗauko guduma! Ku fasa bangon!"

"Padrino, bar shi ya sha! Ruwansa ne!"

"To ni ma a nan zan sha tare da shi. Zaɓi."

Don Evaristo na kakari yana cewa, "Ku fasa, don Allah ku fasa! Ko ruwan zai tafi da shagon, ku fasa!"

Nemesio ya yi wurgi da dutsen. Ya karɓo babbar guduma a wurin wani makaniki, ya sauka ta ɓangaren mashayar, yana dukan bangon yana zagi, yana dukan yana kuka. Wasu samari suka kama masa da diga. Da bangon ya buɗe, da kyar suka tsallake gefe. Ruwan ya fita da ƙarfin da ya daɗe yana tarawa, ya ɓalle ƙofar mashayar, ya fita ta bangon baya. Muna kallo firiza da kujeru da manyan lasifikoki suna gangarawa rafi suna juyi.

Ruwan ramin ya sauka. Aka kawo jak da sanduna aka ɗaga ƙarfen aka zaro shi. Ƙafar ta niƙe, likitoci suka yanke ta daga gwiwa.

Pa Melanio ma bai tsira ba. Ƙazamin ruwan ya shiga ciwon hannunsa ya ruɓe, sai da aka yanke shi daga wuyan hannu. Ikon Allah, ɗaki ɗaya aka kwantar da su, gado na kallon gado.

Na je dubiya da farfesun kifi. Abokan shan Don Evaristo ko ɗaya ban gani ba. Ma Sabina ce, tana ɗingishi da sanda, take zuba abinci kwano biyu. Ta dangwara masa nasa ta ce, "Ci, mugu. Ba don halinka ba, don wancan tsohon mai taurin kai ne."

Ƙaton nan ya riƙe cokali yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Pa, me ya sa ka shigo ramin?"

Pa Melanio ya ce, "Kai dai ci abincinka. Ka cika surutu, ka hana ni barci."

A gabana Don Evaristo ya aika a gaya wa shugaban unguwa a haƙa wa ruwa hanya ta tsakiyar filinsa har rafi, ya ce kuma cin Pa Melanio da shansa sun dawo wuyansa har ƙarshen rai. An haƙa hanyar. Tun ranar ruwa bai sake shiga gidan tsohon ba.

Darasi: Wanda ya tura wa maƙwabcinsa masifa don ya kwana lafiya, ajiya ya yi, za ta dawo masa da riba. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kuma kada ka wulaƙanta mai haƙuri, wata rana a kafaɗarsa za ka ɗora kai. Masu karɓar aikin titi su bar shi rabi, ku ma jinin nan yana wuyanku. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, ko wani zai rushe nasa bangon tun da wuri.

Amma ni tawa ba ta ƙare ba. Na gaya wa Nemesio mutumin ya tuba, ya rasa ƙafa, ya rasa shago, me ya rage? Ya ce, "Mama, ƙafar nan Allah ne ya karɓi nasa. Mu ba mu karɓi namu ba. Hannu ya ci, hannu zai biya." Jira yake a sallamo Don Evaristo daga asibiti, kuma an ce sallamar ta kusa.

Adda dai ana sayar da ita a kowace kasuwa, ɓoyon da na yi ba zai kai ni ko'ina ba. In na gaya wa shugaban unguwa, maganar za ta kai ga hukuma, ni da bakina na kai ɗana kurkuku. In na gaya wa Pa Melanio, mutum ɗaya da yaron ke jin maganarsa, likita ya ce zazzaɓi bai sake shi ba, kada a tayar masa da hankali. In na yi shiru, ɗana zai sare gurgu.

Iyaye mata 'yan'uwana, da ɗanku ne, wace ƙofa za ku fara bugawa?