Tsummokaran Umma

Akwai wata mata da duk gidansu ke kira Auta, har ta haifi uku sunan bai sake ta ba. Sana'arta ƙawata kundin hotuna. A kawo mata hotuna, ta yanka kwali, ta jera su, ta zagaye da ribom da leshi da 'yan duwatsu masu ƙyalli. Hannunta na da kyau, kuma ta san da haka.

A watan nan aiki ya yi mata yawa. Yatsunta duk ƙunar gam mai zafi, bayanta ya riƙe saboda sunkuyo. Tana cikin wannan hali yayarta, ma'aikaciyar jinya, ta shigo shagon da baƙar leda, ta zube a kujerar roba.

"Likita ya ce idon Umma ba zai dawo ba, ɗan abin da ya rage ma tafiya yake. Tana so a haɗa mata hotunanmu wuri guda, kowa da shafinsa. Ta ce ki sa waɗannan a ciki."

Auta ta zazzage ledar a kan tebur. Guntun jan ulu da ya yi gashi, maɓalli mai tsagi, igiyar takalmin makaranta, bakin leshi da ya koma ruwan ƙasa, sai wuyan wata riga da wanki ya cinye.

"Yaya, shara aka aike ki zubarwa kika ɓata hanya?"

"Kowanne da mai shi. Ulun na rigar sanyinki ne, leshin nawa, igiyar da maɓallin na 'yan'uwanmu maza. Wuyan rigar na marigayi Baba ne."

"Na ji. Ni na taɓa zuwa asibiti na koya miki allura? Bar ni da aikina."

Yaya ba ta da ƙarfin musu, daga aiki take. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Auta ta daɗe tana kallon tarkacen. Baƙi za su buɗe kundin nan, ga sunan shagonta a bangon baya. Ta share su da gefen hannu zuwa kwandon da take tara ragowar takardu. Da gam ya ɗiga a kan almakashinta, ta laluba kwandon ta ciro wuyan rigar ta goge, ta jefa shi a durom ɗin shara na bakin titi.

Kwana biyar ta yi a kan kundin. Sabon ribom ruwan zuma, mai santsi, kowane shafi daidai da ɗan'uwansa.

Bayan la'asar ta kai wa Umma kundin. Tsohuwar na zaune kusa da taga, inda haske ya fi yawa. Ta ɗaga kundin har ya kusa taɓa hancinta, sannan ta haƙura ta ɗora shi a cinya, ta fara bin shafin da yatsu.

"Wannan wane ne?"

"Yaya ce, Umma."

Ta juya. "Wannan fa?"

"Ni ce."

Ta sake juyawa, ta shafa, ba ta ƙara tambaya ba. Ta rufe a hankali.

"Ya yi kyau, Allah ya yi miki albarka. Sai dai duk santsi ɗaya ne. Ni so nake idan ina zaune ni kaɗai, in taɓa in san a kan wa nake, in yi masa addu'a ba sai na kira kowa ba. Kun gaji da kirana ai."

Auta ta karɓi kundin ta koma shago.

Ta kifar da kwandon a ƙasa, ta durƙusa tana tona guntayen kwali. Ta samu ulun, ta samu leshin da igiyar. Maɓallin ya ba ta wuya kafin ya fito. Ta fita bakin titi ta leƙa durom ɗin. Wayam. Motar shara ta zo tun shekaranjiya.

Ta ɓamɓare ribom ɗinta shafi bayan shafi. Wannan karon ba ta sa gam ba, don kada ya daskarar da su su canza a hannu. Da allura da zare ta ɗinke kowane abu a gefen hoton mai shi.

Da ta iso shafin Baba sai ta tsaya. 'Yan gwanjo na nan a ƙarshen layi, tsohuwar riga ba ta wuyar samu. Har ta ɗauki mayafinta. Sai ta tuna cewa da wannan shafin za a riƙa yin addu'a, ta ajiye mayafin ta zauna.

Washegari ta koma. Yatsun Umma suka sauka a kan ulun, fuskarta ta saki.

"Ga mai taurin kai. Sau uku na warware rigar nan saboda kanki ya ƙi shiga."

"Har yanzu bai ragu ba," in ji Yaya daga bakin ƙofa.

Umma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunaye, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. A shafin ƙarshe hannunta ya zagaya hoton, ya sake zagayawa.

"Umma, na yar da wuyan rigar," Auta ta ce, muryarta can ƙasa. "Na goge gam da shi na yar. Na nema ban samu ba. Ki yafe min."

Umma ta bar tafinta a kan takardar.

"Da aka raba kayansa, rigar nan kaɗai na hana a fitar."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kar ki sa komai a wurin," Umma ta ce daga baya. "Bar shi haka. Idan na shafa na ji babu komai, na san shi ne."

Darasi: Idan aka ba ka amanar abin da kake gani ba shi da daraja, ka tambayi mai shi kafin ka yanke hukunci. Gwanintarka ba ta san abin da zuciyar wani ta ajiye ba, kuma ba duk abin da aka yar ake sake samu ba. Allah ya ba mu ikon sauraron iyayenmu tun suna tare da mu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na dab da yar da nasa.