Ranar da Hakimi Ya Yi Mini Fito

Duk 'yan fiton bakin Kwara babu malalaci kamata, ni Ɗanjuma. Ranar kasuwa hakimi ya zo ƙetarewa, kowa ya tafi, sai ni.

Ya ce, "Kai, kada ka zauna a bayana, kada kuma ka ba ni baya. Ka kuskura, in ƙwace kwale-kwalen."

Na zaunar da shi a ƙarshen jirgi, na koma goshi na fuskance shi, na miƙa masa filafili.

"Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, daga baya ake tuƙi, kai ne kuma a bayan. Wane ni in saɓa maka?"

Haka ya tuƙa ni yana haki. Kunya ta so kama ni, gyangyaɗi ya riga ta.