Fankar da Ta Ƙi Juyawa a Tsamiyar Dogo

Ku gyara zama, ga wata magana na kawo muku, kuma tun yanzu ina gaya muku ba ni zan raba gardamarta ba.

A ƙauyen Tsamiyar Dogo akwai wani ɗan asibiti mai ɗaki uku da rufin kwano. A nan Malama Lantana ta shekara goma sha tara tana karɓar haihuwa, mace mai sanyin hannu da zafin baki. Wata shekara aka raba wa irin waɗannan asibitoci kwamfutar tafi-da-gidanka, kowace da 'yar na'urar ɗaukar hoton ciki. Ƙa'idar ita ce, in ungozoma ta ga abin da bai kwanta mata ba, sai ta ɗauki hoto ta aika wa likita a birni, in ya ga haɗari ya turo mota. Motar kuwa ɗaya ce tak ga ƙauyuka fiye da talatin, saboda haka ba ta tashi sai da hoto.

Lokacin sanyi abin ya yi daɗi. Da bazara ta kankama sai kwamfuta ta fito da halinta: minti uku ko huɗu, ta ɗauki zafi, ta mutu ɗif. Malama ta yi mata fifita, ta shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tsumma, har kan randa ta ɗora ta, duk a banza. Awon kirki kuwa yana cin minti ashirin.

Ana cikin haka Hansatu, matar Malam Tanimu maƙeri, ta shiga wata na takwas, ta fara ganin ɗigon jini. Cikinta na uku ke nan. Biyun farko Malama Lantana ce da hannunta ta naɗe su a zane ta miƙa wa uban ya kai maƙabarta. Tsoro ya kama Malama sosai, don hannunta yana gaya mata akwai matsala, amma hannu ba ya kiran mota.

Sai ta buga wa ƙanenta Lukman waya, wanda ke sana'ar rubuta manhaja a Zariya. Ya sa ta karanto masa lambar kwamfutar, ya yi bincikensa, ya bayyana mata. A cikin kwamfutar akwai ma'aunin zafi ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, shi ya kamata ya riƙa faɗin lokacin da fanka za ta tashi. To babbar manhajar da aka sa wa kwamfutar ba ta jin abin da yake faɗa, don babu 'yar manhajar da ke tafinta a tsakaninsu, wadda masu sana'ar ke kira direba. Kamfanin da ya ƙera ma'aunin kuma bai fitar da takardar bayaninsa ba.

"Yaya, rubutawa zan iya," in ji shi, "amma ban san yadda ake magana da ma'aunin ba."

"To nemo wanda ya sani," in ji ta. "Ni kwana nake ƙirgawa, ba wata ba."

Na farkon da ya sa hannu shi ne Ɗayyabu, abokin Lukman, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Aka yi dace yana da irin wannan kwamfuta sak, ita kaɗai gare shi, da ita yake cin abinci. Ya kwance ta, ya liƙa wayoyi masu sirantar gashi a ƙafafun ma'aunin, ya riƙa hura masa iskar zafi kaɗan-kaɗan yana rubuta lambobin da ke fitowa a littafin 'yan makaranta. Kwana shida yana wannan aiki, idanunsa suka yi ja, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ya gano inda ake tambayar ma'aunin, ya gano da rabin digiri yake ƙirga zafi, ya gano umarnin da ke tayar da fanka. A kwana na shida, yana dab da digiri sittin, sai wayoyi biyu suka haɗu, kwamfutarsa ta yi hayaƙi, ba ta sake tashi ba. Ya ɗauki littafin, shafi arba'in cur, ya kai wa Lukman.

Na biyu shi ne Lukman ɗin. Ya aro irin kwamfutar daga wani asibiti da ya gaji da tasa ya jefa a kabad, ya duƙufa. Aikin direba ba irin sauran rubutun manhaja ba ne, a can cikin zuciyar babbar manhaja ake dasa shi, inda kuskuren harafi ɗaya kan sandarar da kwamfuta gaba ɗaya. Ta sandare masa ya fi sau saba'in. A kwana na uku aka kira shi ganawar wani aiki a Abuja wanda ya shekara biyu yana jira. Ya karanta saƙon, ya tuna muryar yayarsa, ya kife wayar, aikin ya tafi hannun wani. A kwana na biyar fanka ta juya. Ya bar kwamfutar a kunne wuni guda a ofishinsu mai na'urar sanyaya ɗaki, ba ta ko yi tari ba. Ya kira yayarsa yana murna ya ce an gama.

Na uku, Safiyanu, ba ruwansa da manhaja, mai gidan burodi ne, karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba. An kira shi ne kawai don yana da babur mai ƙarfi, ya kai kwamfutar ƙauye. Da ya shiga ofishin sanyi ya ratsa shi, sai ya dafa kwamfutar ya ce, "Wai a nan kuka gwada ta? Can ma haka ɗakin yake?" Masu ilimi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce wallahi ba zai ɗauki abin da ran mutum ke rataye a kansa ba sai ya gwada shi a inda ya san zafi.

Da Malama Lantana ta ji an ƙara mata kwana guda saboda taurin kan mai burodi, ta karɓi lambarsa ta wanke shi tas. Ya saurara har ta gama, ya ce ta yi haƙuri, bai kuma sauya magana ba.

Washegari da rana tsaka ya ɗora kwamfutar a benci kusa da bakin tanda, ya kunna manhajar hoto kamar yadda aka nuna masa. Fanka ta tashi tana gudu, yana kallon lambar zafi tana hawa. Tana kaiwa sittin da huɗu sai lambar ta koma ƙasa da sifili, fanka ta tsaya cak, ba a jima ba kwamfuta ta mutu. Ya bari ta huce ya sake. Sau biyar yana yi, gumi na zuba, burodin rana guda ya ƙone a bayansa, kuma kowane karo a sittin da huɗu abin ke faruwa. Ya rubuta lambar da gawayi a bango, ya kira Lukman.

Lukman yana gani ya dafe kai. Gurbin da ya ware wa lambar zafi ne ya yi ƙanƙanta, in ƙirgar rabin digiri ta cika shi sai lissafin ya juye, kwamfuta ta ɗauka sanyin ƙanƙara ake yi, ta kashe fanka a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Littafin Ɗayyabu bai kai nan ba, sanyin ofis kuma bai taɓa barin zafi ya kai nan ba. Layi biyu ya gyara, cikin minti goma sha biyar. Aka mayar da kwamfutar bakin tanda, ta kai dare ba ta mutu ba.

Da gari ya waye Safiyanu ya goya ta a baya, ya yi awa biyar a kan hanya mai ramuka. Ya iso da azahar, kwano na ƙara don zafi, Hansatu na kwance jinin ya ƙaru. Malama Lantana ta kunna. Ta kan ce ba ta taɓa jin sauti mai daɗin ƙugin fankar nan ba. Lamba ta wuce sittin da huɗu, ta kai saba'in, fanka na ta juyawa. A minti na goma sha takwas hoto ya fito sarai: mabiyiya ce ta sauko ta tare hanyar fita. Likita yana gani ya turo mota, kafin magariba aka yi wa Hansatu aiki, aka ciro ɗa namiji yana tsala kuka, uwar ma ta rayu.

Ana jibi suna Malam Tanimu ya zo asibiti da ƙullin goro, ya durƙusa. "Malama, da mace ce da an huta, sunanki za ta ci. To namiji ne. Ina so ya zama takwaran wanda ya cece shi, ke kika san su, ki zaɓa mini. Suna ɗaya liman zai raɗa."

Ta kira su ɗaya bayan ɗaya ko za su sauƙaƙa mata, sai kowa ya nuna ɗan'uwansa. Ta zauna a bakin gadon awo tana auna su. In ta ce Ɗayyabu, shi ya buɗe abin da ke rufe, ya rasa abin sana'arsa, amma littafinsa shi kaɗai ba ya juya fanka. In ta ce Lukman, shi ya rubuta, ya bar aikin da ya daɗe yana mafarki, amma kuskurensa ya kusa kashe Hansatu, ga kuma tsoron a ce ta yi son kai da ɗan ɗakinsu. In ta ce Safiyanu, bai san ko layi ɗaya ba, sai da wasu suka gina ya samu abin gwadawa, amma da ya ji tsoron bakinta ya taho ranar da ta so, da kwamfutar ta mutu a hannunta kafin hoto ya fito. Har yau in ta tuna zagin da ta yi masa sai kunya ta kama ta.

Ga rago a ɗaure, ga liman na jira, ga Malama Lantana riƙe da goro. To, ku da kuka ji, sunan wa za a raɗa wa yaron nan, Ɗayyabu, ko Lukman, ko Safiyanu?