Dokokin Sinyora da Ƙawayen Barira

Ku matso kusa, kowa ya kife wayarsa. Yau ba labarin daji na kawo muku ba, na cikin jami'a ne, wurin da kuke ɗokin zuwa. In na gama ku za ku yanke hukunci, don ni na juya shi na juya ban gane gabansa ba. Kai mai dariya a baya, da kai zan fara.

An yi wata ɗaliba a wata jami'a a nan Arewa, sunanta Barira. Mahaifinta, Malam Tanimu, bafatake ne mai kai takalman fata Malabo, can tsibirin da ke cikin teku, inda Sifaniyanci ne harshen hukuma da na kasuwa. Tun tana firamare ya tafi, tafiya ta zama zama, har ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Rosa. Ba a ce ya yar da gida ba, yana aike yana waya, amma zuwa kam sai alkawari. Barira ta ɗauki darasin Sifaniyanci na 'yan koyo ne don kawai ta riƙa tsokanarsa a waya.

Ana cikin hutu labari ya zo cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Rosa ce ke jinyarsa, ita kuwa ko sannu ba ta iya ba. In Barira ta kira, matar ta yi ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano, Barira ta tsinci kalma ɗaya goma su wuce ta. Sai a nemo wani Bahaushe maƙwabci ya yi tafinta. To kun san halinmu, ko mutum na bakin kabari amsa ɗaya ce, jiki da sauƙi. Rosa za ta daɗe tana magana murya na rawa, tafinta ya dunƙule duka ya ce da sauƙi. Abin nan ya tsaya wa Barira a rai. So take ta ga ubanta da idonta kafin ya rasu, ta kuma ji gaskiya da kunnenta.

Halin tafiya babu a gidansu. Ƙofa ɗaya ta rage: duk ɗalibin da ya zo na ɗaya a ajin Sifaniyanci na tsakiya, jami'a na tura shi Malabo ya yi zango guda, ita ke da jirgi, ita ke da takardu. Barira ta shiga ajin da wannan niyya.

Mai ajin wata malama ce, Dakta Asabe, amma kowa Sinyora yake ce mata, wato uwargida da Sifaniyanci. Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Ita dai ba sani ba sabo. Ran farko ta zayyana dokokinta. In ta rufe ƙofa, wanda ke waje ya yi fashi, wanda fashinsa ya wuce ƙa'ida kuma ba zai zauna jarrabawa ba. A ajinta ba Hausa ba Turanci, ranar jarrabawar baka kuwa kalma ɗaya ta wani harshe ta isa ta kayar da mutum, wanda ya faɗi ta baka kuma ya faɗi darasin ɗungurungum. Ranar ta rubutu ba katin shaida ba zama, kuma ba ta sake wa kowa jarrabawa. Ta ce harshe ba a koyonsa daga nesa, sai an zauna da shi kullum, shi ya sa ba ta sassauci. Sannan ta raba su huɗu-huɗu su riƙa aiki tare. Barira ta faɗo tare da Kubura da Zuwaira da Rifkatu. Kafin wata ya ƙare su uku sun san abin da ke cin ta.

Ana wata ga wata. Zango bai raba ba Innar Barira ta faɗi, tunani ya tayar mata da hawan jini, aka kwantar da ita a asibitin garinsu. Kun san asibitinmu, in ba ka da mai zama da kai, ko ruwa ba mai miƙo maka. Inna kuwa Barira kaɗai ta haifa. Barira ta tafi jinya, fashi ya yi ta taruwa, har ya rage in ta ƙara ɗaya shi ke nan, Malabo ta sha ruwa.

Kubura ce ta fara tsaya mata. Matar aure ce, an mayar da mijinta aiki wani gari mai nisa, ya yarda ta tsaya ta ƙarasa bana, amma ya faɗa mata ba zai ƙara jiran ko zango ɗaya ba. Ta roƙe shi izini, ya ba ta yana ƙunƙuni, ta hau mota ta je ta karɓi jinyar, ta kora Barira makaranta. An zaci abin na 'yan kwanaki ne, sai ciwo ya ja. Kubura ta wanke Inna, ta ba ta abinci a baki, ta kwashe abin da ba kowa ke kwashe wa uwar wani ba. Da nata fashin ya kusa cika, tana sane sarai. Barira ta kira ta ce za ta zo su yi canji, Kubura ta ce kada ta soma, jiki da sauƙi, gobe ko jibi za a sallame su. Ƙarya take yi. Sai da Inna ta miƙe da ƙafarta sannan ta dawo, ta tarar an cire sunanta daga masu jarrabawa. Sinyora ta ce ta san dalili, kuma abin ya yi mata ciwo, amma in ta buɗe wa mutum ɗaya ta buɗe wa kowa. Kubura ba ta roƙa ba, ta tattara littattafanta ta fita.

Sai ranar jarrabawar baka. Bibbiyu ake shiga, kowa ya zari 'yar takarda a kwali ya yi magana a kan abin da ya zaro. Barira ta shiga da Zuwaira. Ita Zuwaira 'yar ƙauye ce mai kunya, wadda in ta yi magana sai ka matso, wata ƙungiya ce ke ɗauke da karatunta bisa sharaɗin kada ta faɗi ko darasi ɗaya. Ta yi nata ta gama lafiya, ta riga ta ci. Barira ta sa hannu ta zaro, sai ga shi an ce ta ba da labarin mahaifinta. Ai kuwa bakinta ya mutu. Hawaye ya cika mata ido, duk abin da ta haddace ya gudu. Sinyora tana kallon agogo, don shiru ma in ya yi tsawo faɗuwa ne. An yarda abokin zama ya taimaka, amma da Sifaniyanci. Zuwaira ta gwada, ta sake gwadawa, Barira ko gezau, kamar da bango ake magana. Wani ciwon ba ya jin kira sai da harshen uwa. Zuwaira ta dubi Sinyora, ta dubi ƙawarta, ta kama hannunta ta ce da Hausa tsantsa:

"Barira, ki ɗauka shi ne zaune a kujerar can. Faɗa masa."

Sinyora ta sunkuya ta soke makin Zuwaira a gabanta. Barira kuwa ta ɗago. Da Sifaniyanci ta yi maganar ƙamshin fata a ɗakinsa, da yadda yake ɗora ta a keke, da ranar da ya ce mata ba zai daɗe ba. Ta yi ta magana ba gargada, har Sinyora ta cire tabarau ta goge. Ba wanda ya kamo makinta a ranar. Zuwaira ta fito ta zauna a gindin bishiya ta yi kukanta a hankali, don ta san me za a ce mata a ƙungiya.

Ta ukun Rifkatu. Wannan ita ce gwanar ajin, kowa ya sani, in da ba wata matsala ita za ta ciri tuta. Rikici ne ya taɓa tashin garinsu ya ci mata shekaru, har ta kai iyakar shekarun da jami'a ke ba ɗalibi, in ta faɗi wani abu bana sai dai sallama. Ranar jarrabawar rubutu an shiga an zauna, ana jiran a rufe ƙofa a fara bi ana duba kati. Barira ta buɗe jaka, ta zazzage ta, ba kati. Ta bar shi a ɗakin kwanansu cikin aljihun wata riga, ɗakin kuwa yana can ƙarshen makaranta. In ta tashi za a rufe tana waje, in ta zauna za a tashe ta. Ta juya ta raɗa abin da ya faru. Rifkatu da ke gefenta ta tambayi wace riga, ta karɓi makulli, ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta fita da gudu. Wataƙila ta sa rai za ta dawo kan lokaci, Allah masani. Ta dawo tana haki, ƙafa duk jini, ƙofa a rufe. Ta zagaya ta taga ta miƙa katin, daidai mai dubawa ya kusa layin Barira. Aka karɓi kati, ba a karɓi mai kawowa ba. Haka Barira ta rubuta jarrabawar tana hango Rifkatu tsaye a rana, har aka zo aka kore ta daga wurin.

Sakamako ya fito, Barira ce ta ɗaya. A makonnin jarrabawa maƙwabcin nan kawai take samu in ta kira, kullum da sauƙi. Ranar sai ta ce ba ta son tafinta, a ba ta Rosa da kanta, albishir gare ta. Rosa ta karɓa, ta saurare ta, sannan ta yi magana a hankali. A karon farko Barira ta gane komai, ba kalmar da ta wuce ta. Rosa ta ce Malam Tanimu ya rasu shekaranjiya, Hausawan unguwa sun yi masa sutura sun kai shi. Ta ce ta daɗe tana cewa a gaya wa 'yarsa ba zai tashi ba, a sa masa waya a kunne su yafe wa juna tunda kunnensa na ji. Ta zaci ana gaya mata. Shi kuma maƙwabcin bawan Allah, da aka tambaye shi daga baya, ya ce ya ga yarinya na jarrabawa, ina shi ina ɗaga mata hankali, jira yake ta gama, sakamako ya fito, sannan ya sanar da manya. Da zuciya ɗaya ya yi, amma wallahi ya cuce ta.

Barira ta ce ta fasa tafiya, me za ta je ta gani? Inna ta ce sam. Ta ce ta je ta tsaya a kan kabarin ubanta ta yi masa addu'a, ta kuma gode wa matar da ta yi wahala da shi, tunda yanzu tana da bakin godiyar.

Bayan an share makoki Sinyora ta kira ta ofis. Ranar Barira ta fara jin Hausa a bakinta. Ta yi mata gaisuwa, ta ce Allah ya jiƙansa. Sannan ta ce bana jami'ar Malabo ta ƙara kujera ɗaya, ba wanda ya sani sai yanzu, kuma zangon da mutum zai yi a can yana tsaya masa a madadin darasin, ko da ya faɗi a nan.

"A ajina ba a aiki sai da abokin aiki," in ji ta. "Ki zaɓi ɗaya cikin ukun da kuka zauna tare. Ɗaya na ce. Ni doka ta ɗaure mini hannu, wannan ce kaɗai ƙofar da zan iya buɗewa."

Barira ta roƙi a karɓi tata kujerar a ba biyu daga cikinsu. Sinyora ta ce ta wanda ya zo na ɗaya ba a bayar da ita, in ta ƙi tafiya duka biyun sun tashi.

Barira ta fito ta same su su uku zaune a kan tabarma ɗaya a ɗakinta, sun zo taya ta zama. Ta faɗa musu. Ba wadda ta ce ni. Kubura ta ce a ba Zuwaira, Zuwaira ta ce a ba Rifkatu, Rifkatu ta girgiza kai ta nuna Kubura. Wannan kawaici kuwa bai rage wa Barira komai ba, sai ma ya ƙara mata nauyi, don ta san wadda ta ɗauka ta tsira da karatunta, biyun kuma nasu ya ƙare. Kubura za ta bi miji ba digiri. Zuwaira za ta koma ƙauye. Rifkatu za a sallame ta bayan duk shekarun da ta sha. Kuma uban da aka yi duk wannan dominsa yana cikin ƙasa.

To ga ta nan na ajiye muku. Da Kubura ba ta karɓi jinya ba, da tun tsakiyar zango an cire Barira, kuma ita ba hukuncin minti ɗaya ta yanke ba, kullum ta waye gari sai ta sake zaɓar zama. Da Zuwaira ta kame bakinta, da ba wanda zai zarge ta, ta riga ta ci, amma ta zubar da abin da ke hannunta ido buɗe. Rifkatu kuwa, in da ta yi zamanta, Barira za a fitar, ita ta zo ta ɗaya, kujerar ma tata ce. Kada wanda ya ce mini a yi ƙuri'a, wannan gudun magana ne. Ke 'yar gaba, na ga bakinki na motsi, bari na baya ya fara. In kai ne Barira, gobe da safe za ka shiga ofishin Sinyora, sunan wa za ka faɗa, kuma da wane ido za ka kalli biyun da ka bari?