Rigar Hankaka a Rijiyar Rini

Dalilin da ya sa kuke ganin hankaka baƙi ƙirin, in ban da ɗan farin nan na wuya da ƙirji, ba wani abu ba ne illa wanki. E, wanki, irin wanda kuke sulalewa in an ce ku yi. Ku gyara zama ku ji, kuma kada wanda ya katse ni.

A da can, tsuntsaye tuɓe rigunansu suke yi kamar mu, su ba da wanki. Hankaka farar riga gare shi tun daga wuya har wutsiya, ita ke nan masa tilo. To, kun san halinsa da yawon mahauta da leƙen tukwanen mutane. Ba a jima ba rigar ta dafe, ta koma kamar ruwan tafki, ga tabon manja zaune daram a ƙirji.

Bai damu ba, sai da son 'yar Balbela ya kama shi. So na gaske fa, har ya daina cin abinci, abin da ba a taɓa ji ba a zuri'arsu. Aka ce ya zo ran Juma'a da la'asar ya gaida mahaifinta. Shi kuwa tsohon ya rantse ba zai ba mai dauɗa 'yarsa ba, don a gidansu ba a san wani arziki ba sai farin kaya.

Juma'a da sassafe Hankaka ya sauka bakin rafi wurin Gwaggo Tasalla mai wanki. Ta ɗaga rigar da yatsu biyu ta ce, "Wannan riga ce ko tsumman goge tukunya?"

"Gwaggo, ki rufa min asiri. Gidan surukai za ni."

Ta ba shi wani tsohon zani ya ɗaura, ya zauna a gindin tsamiya yana ɓoye ƙafafunsa. Ta jiƙa rigar da sabulun salo, ta matsa lemun tsami a kan tabon, ta cuɗa har gumi ya keto mata. Ta shimfiɗa ta a kan ciyawa cikin rana, tana yayyafa mata ruwa duk sanda ta fara bushewa. Da aka zo ɗaurayar ƙarshe, sai ta kwance wani ƙulli a bakin zaninta, ta lakato shuni da kan farce, shi ne wanda ku yanzu kuke ce wa bula, ta kaɗa a ƙwaryar ruwa.

Hankaka ya zabura. "Gwaggo, fari na ce miki, ba shuɗi ba!"

"Yi min shiru. Shi fari in ya tsufa ja-ja yake yi. Ɗan shuɗin nan ne ke kashe jan."

Rigar ta bushe, ta fito fara tas, har sai da ya runtse ido. Da mai hankali ne, sai ya yi godiya ya kama hanya. Amma Hankaka ya tsaya yana lissafi. Ya ce, "Ɗan mitsitsin nan ne ya yi wannan aiki? Ai sai ki ƙara."

"Ya isa haka."

"Ƙara kaɗan dai. So nake in shiga gidan nan su kasa kallona."

"Na ce maka ya isa. Ba ni zanina ka tafi."

Ya tafi yana gunaguni, wai tsohuwa ta yi masa rowa. Bai zame ko'ina ba sai marina, inda shuni yake cike da rijiyoyi, ba a ƙullin zani ba. Ya tarar da Jatau marini zaune yana tauna goro. Jatau mutum ne da abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa.

"Malam Jatau, shunin nan naku ɗaya ne da na Gwaggo Tasalla?"

"Shi ne. A nan take samu."

"Zan iya tsoma rigata?"

Jatau ya dubi rigar, ya dubi Hankaka, ya ce, "Rijiya dai ga ta nan."

Hankaka ya tuɓe, ya cafki wuyan rigar da ƙirjinta da baki, ya zura sauran cikin rijiya. Ya ciro ta kore shar, iska ta buga ta ta koma shuɗiya. Ya ce a ransa farin yana daga ciki, bai gama fitowa ba. Ya sake tsomawa. Ta ƙara duhu. Ya ce to alamar ya kusa ke nan. Haka ya yi ta tsomawa yana cirowa har rana ta karkata, rigar ta zama baƙa wuluk tana sheƙi.

A nan ne ya dakata. Ya ajiye ta ya ce, "Malam Jatau, wai sai yaushe take juyewa fara?"

"Ni dai tun zamanin kakana muke a nan, ba mu ga ta juye ba tukuna."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ka tambaya ba."

Ya koma wurin Gwaggo Tasalla a guje yana kuka. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan tausayinsa ya kama ta, ta gwada cuɗawa. Hannuwanta ne kawai suka yi shuɗi. Ta ce, "Ɗana, rini ba dauɗa ba ne, ba ya fita. Sai dai ka lallaɓa wurin nan da bakinka ya riƙe, shi kaɗai ya rage maka."

La'asar ta yi, babu yadda zai yi, ya sa rigarsa ya tafi gidan su 'yar Balbela. Allah Ya taimake shi, zauren da ɗan duhu, kuma idon tsohon ya yi rauni, fari kawai yake iya gani sosai. Hankaka ya turo ƙirji gaba ya yi sallama.

Tsoho ya ce, "Kai, madalla da wannan fari! Ɗan ƙarami ne, amma akwai tsabta. Sai dai yaron nan ba a koya masa gaisuwa ba ne? Na gan shi a tsaye ƙiƙam."

Hankaka ya durƙusa ya sunkuyar da kai, kamar yadda ake gaida suruki. Ƙirji ya ɓuya, baya ya fito.

"Af! Ina ya shiga? Wa ya ajiye tulu a nan?"

Hankaka ya miƙe da sauri. "Ga ni, Baba."

"To, ka dawo. Gaishe ni mana."

Ya durƙusa.

"Ya sake ɓacewa!"

Ya tashi, ya duƙa, ya tashi, ya duƙa, har tsoho ya fusata ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Na yarda yana da fari. Amma mutumin da in an ce gaisuwa sai ya ɓace, ranar da cefane ya taso ina za a gan shi? Ba zan ba shi 'yata ba."

Hankaka ya ji yarinyar tana shessheƙar kuka a bayan zana. Ya fita. Baƙin ciki ya hana shi sake tuɓe rigar, a ciki yake kwana, a ciki yake tashi, har ta manne masa a jiki.

Shi ya sa har yau za ku ga hankaka yana tafiya ƙirji a ture, ba ya durƙusa wa kowa. Kuma in kuna wanki, ku rufe sabulunku, don da kun juya baya zai sure shi ya tashi. Gwaggo ta gaya masa rini ba ya fita, amma har gobe bai yarda ba.